Daga bayan garma zuwa jirgin yaƙi: rayuwar ɗan manomi a rundunar saman Amurka

Tambaya: Idan aka ba da labarin rasuwar tsofaffin sojojin saman Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, sau da yawa sai a ce mamacin ɗan manoma ne. Ta yaya yaron ƙauye da bai taɓa shiga jirgi ba ya zama sojan sama? Wane aiki ya yi, kuma da aka gama yaƙi ya koma gonar?

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma lissafi ne ya kawo haka. A 1940 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Amurka a gona yake zaune, gonakin sun haura miliyan 6. A wannan shekarar rundunar sama, wadda reshe ce ta sojan ƙasa har zuwa 1947, ba ta wuce mutum 51,000 ba. Kafin 1944 ta kai miliyan 2.4. Ba yadda za a tara wannan taro ba a kwashi 'ya'yan manoma ba.

Amma ba kowane ɗan manomi aka ɗauka ba. Daga Nuwamba 1942 doka ta ba kwamitocin ɗaukar soja na ƙananan hukumomi damar ɗage wa manomi kira idan gonar ba za ta tsaya ba sai da shi. Ana duba yawan shanun tatsa da faɗin abin da ake nomawa, a ga ƙato nawa gonar ke buƙata. A gidan da ke da samari uku, sai a bar ɗaya, biyu su tafi. Wannan rabo ya bar tabo a gidaje da yawa, domin wanda ya zauna shi ya ci gajiyar tsadar amfanin gona lokacin yaƙi, kuma galibi shi gonar ta koma wa. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kuɗi ma ya ja su. Ɗan ƙodagon gona a 1940 yana samun abin da bai kai dala 30 a wata ba, ban da ci da kwana. Ƙurtu kuwa daga tsakiyar 1942 albashinsa dala 50 ne. Sajen da ke harbi a jirgi yana karɓar dala 96, a ƙara masa rabin haka kuɗin tashi sama, da kashi 20 cikin 100 na zaman ƙasar waje. Ga inshorar rai ta gwamnati ta dala 10,000, alhali matsakaiciyar gona da gine-ginenta a 1940 darajarta wajen dala 5,500 ce. Iyaye da yawa da kuɗin ran ɗansu suka biya bashin gona.

Da ya shiga, jarrabawa ce ke raba musu hanya. Kafin Janairu 1942 galibi sai wanda ya yi shekara biyu a jami'a ake ɗauka koyon tuƙi, abin da ya rufe wa yawancin yaran ƙauye ƙofa. Da aka cire wannan sharaɗi aka sa jarrabawa a madadinsa, sai ƙofa ta buɗe. Koyon tuƙin hawa uku ne, kowanne kimanin mako 9 zuwa 10: a fara da ƙaramin jirgi mai fiffike biyu sama da ƙasa, Stearman, a yi awa 60 da 'yan kai, a wuce wani mai nauyi da ake koyon tashin dare da bin na'urori, sannan a ƙarasa da mai kama da na yaƙi. Wajen mutum biyu cikin biyar ba sa kai ƙarshe. Kuma koyon kansa yana cin rai: kusan mutum 15,000 suka mutu a haɗarin jirgi a cikin Amurka, ba su ko ga abokin gaba ba.

Waɗanda suka yi suna ta wannan hanya su ake yawan ambata. Richard Bong ya tashi a gona a Poplar ta jihar Wisconsin, ya kakkaɓo jiragen Japan 40, ya fi kowane Ba'amurke, ya mutu ranar 6 ga Agusta 1945 wajen gwajin sabon jirgi. Chuck Yeager, wanda aka haifa a ƙauyen Myra ta West Virginia a 1923, da makanikanci ya fara a 1941, aka harbo shi a Faransa a Maris 1944, ya sulale zuwa Sifen, ya komo fagen daga, sannan a 1947 ya zama mutum na farko da ya wuce saurin sauti a jirgi. Amma waɗannan biyu 'yan tsiraru ne. Ɗan manomin da ka fi samu a irin labarin da ka ambata, ko makanike ne a ƙasa, ko maharbi a cikin jirgin jefa bama-bamai. Su ne ya kamata a tsaya a kansu.

Mafi yawan sojojin sama ba su taɓa tashi zuwa yaƙi ba. Jirgin B-17, babban jirgin jefa bama-bamai da ke tashi daga Ingila zuwa Jamus, yana da inji huɗu, kowanne silinda 9 da filogi 18, wato filogi 72 ke nan a jirgi guda. Idan ya sauko da yamma da huji a jiki da mai yana tsiyaya, kafin asuba ake so ya tashi. A fili ake aikin, cikin sanyin Ingila da laka, da tocila a hannu. A nan yaron da ya saba kwance injin tarakta ko famfon rijiya shi kaɗai, saboda makanike yana da nisan wuni guda, ya fi ɗan birni amfani. Ya iya jin ciwon inji da kunne, kuma bai saba jiran wani ya kawo masa sabon ƙarfe ba. Filayen jiragen ma a tsakiyar gonaki aka gina su a gabashin Ingila, alkama na kaiwa har bakin hanyar tashi, har wasu sojojin kan taya manoman wurin girbi ranar hutu.

Shi kuwa maharbi, makarantarsa mako shida ce, a wurare irin su Las Vegas da Kingman da Harlingen. Ana fara masa da bindigar farauta yana harbin faifan yumɓu da aka wurga sama, sannan a ɗora shi bayan mota tana gudu ya yi harbin. Ana koya masa kwance babbar bindigar Browning ya mayar da ita idonsa a ɗaure, saboda a sama, da safar hannu mai kauri da rawar ɗari, hannu ne zai yi aikin ba ido ba.

A nan ne sabon gida yake cutar ɗan ƙauye. Wanda ya tashi yana harbin tsuntsu ya san a gaban tsuntsun ake saita bindiga. A cikin jirgi kuwa wannan ɗabi'a ɓarnar harsashi ce. Dalili shi ne jirginka na gudu, harsashin da ya fita yana ɗauke da wannan gudun. Ka ɗauka kana bayan babbar mota tana sheƙa gudu, ka jefa wa wanda ke tsaye bakin hanya mangwaro: in ka saita shi daidai, mangwaron gaba da shi zai faɗi. Don haka idan jirgin Jamus ya karkato yana kawo hari daga gefe, ƙa'idar ita ce a saita tsakaninsa da wutsiyar jirginka. Malamai sun sha fama kafin su cire tsohuwar ɗabi'ar daga hannun gwanayen farauta. Kuskure na biyu shi ne danne kunama. Bindigar na fitar da harsashi wajen 800 a minti, abin da aka ba ka kuwa bai fi na minti ɗaya ba idan ka sake mata. In ka daɗe kana harbi bakin bindigar ya yi zafi ya lalace, harsashi ya riƙa watsuwa. Ɗan taɓawa ake yi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, a saki.

Mutum goma ne a jirgin. Huɗu hafsoshi: matuƙi, mataimakinsa, mai duba hanya da mai sakin bam. Shida sajoji: injiniya wanda kuma ke riƙe da bindigogin saman jirgi, mai rediyo, maharba biyu a kwiɓi, ɗaya a wutsiya, ɗaya a cikin ƙwallon gilashi da ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin cikin jirgin. Wannan ƙwallo faɗinsa bai fi mita ɗaya da kaɗan ba, ƙaramin mutum ake sawa, yana kwance a dunƙule gwiwoyinsa kusa da kunnuwansa, kuma yawanci lemar saukarsa a waje take, cikin jirgin. Injiniyan shi ne yawanci wanda ya fi kowa sanin inji, kuma shi ke juya mai daga wannan tanki zuwa wancan, shi ke sauke tayoyi da hannu in wuta ta ɗauke.

Jiragen da aka tura Ingila ta arewacin Tekun Atlantika suka fi bi. Waɗanda aka tura Masar da Indiya kuwa da yawa ta Birazil suka tsallako zuwa Akara, suka ya da zango a Kano da Maiduguri kafin su wuce Khartum. Saboda haka akwai tsofaffin sojojin da suka san filin jirgin Kano tun kafin su ga fagen daga.

Ranar aiki tana farawa wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare. In aka ba da ƙwai na gaske a karin kumallo maimakon na gari, kowa ya san yau akwai tafiya. A ɗakin bayani a yaye labule, a ga zare a jikin taswira daga Ingila zuwa inda za a. Jirage su tashi ɗaya bayan ɗaya, tsakaninsu daƙiƙa 30, kowanne ɗauke da bam tan biyu ko fiye, su yi ta kewaya cikin gajimare sama da awa guda kafin su jeru. Karo a wannan lokaci ya ci mutane da yawa.

Daga ƙafa 10,000 ake sa takunkumin iskar oksijin. Ana yin aikin ne a wajen ƙafa 25,000, wato mita 7,600, inda sanyi ke kai digiri 40 zuwa 50 ƙasa da sifili, jirgin kuma ba a rufe yake ruf ba, a na farko-farko ma tagogin kwiɓi a buɗe suke. Mutumin Wisconsin ko Dakota da ya saba tatsar shanu da asuba cikin ƙanƙara ya san sanyi, amma wannan daban ne. Tururin numfashi yana daskarewa a cikin takunkumin ya toshe bututun. Mutum ba ya jin komai, sai dai ya ɗan ji daɗi-daɗi, cikin minti ɗaya ko biyu ya suma, in ba a farga ba ya mutu. Maganinsa biyu ne: ka riƙa matsa takunkumin da hannu kana fasa ƙanƙarar, kuma kowane 'yan mintoci wani daga gaba ya kira kowa ta waya, daga wutsiya zuwa hanci. Wanda bai amsa ba, a tura wani da ƙaramar kwalbar iska ya duba shi.

Rigar ɗumi mai aiki da lantarki ita ma tana da nata aibin. Ta farko, mai launin shuɗi, wayoyinta a jere suke bi da bi, ɗaya ta tsinke duk rigar ta mutu, wani lokaci kuma ta ƙona mutum a gwiwa ko gwiwar hannu inda wayar ke lanƙwasa. Gumi shi ne babban abokin gaba: wanda ya yi gumi a ƙasa wajen ɗora bindigogi, a sama gumin zai daskare a jikinsa. Ana sa siririyar safar siliki ƙarƙashin mai kauri, domin in bindiga ta cije ka cire ta waje ka gyara, fatar hannu tsirara in ta taɓa ƙarfe a nan take maƙalewa. Ita kanta bindigar, mai ya yi mata yawa sai ya daskare ta ƙi tashi, shi ya sa gwanaye kan goge ta kusan ƙaf kafin tashi. Akwai lokacin da sanyi ya fi harsashi kwantar da mutane a asibiti, kuma da yawa sun bar yatsunsu a can.

Mintocin ƙarshe kafin a saki bam su ne mafi muni, domin dole jirgi ya tafi miƙe ba kauce-kauce, igwogin Jamus masu baki milimita 88 kuma suna cika sama da ɓaraguzan ƙarfe. Maharbi ba shi da abin harbi a nan, sai zama.

A 1943 ƙa'ida ita ce wanda ya yi tafiya 25 ya gama, a mayar da shi gida. Yi lissafin da su ma suka yi: in ana rasa jirgi 5 cikin 100 a kowace tafiya, wanda zai kai 25 bai fi mutum 28 cikin 100 ba. Ranar 17 ga Agusta 1943 jirage 376 suka tafi garuruwan Schweinfurt da Regensburg na Jamus, 60 ba su komo ba. Ranar 14 ga Oktoba aka koma Schweinfurt da 291, aka sake rasa 60, wato mutum 600 a wuni guda. Sauƙi bai samu ba sai da ƙananan jiragen P-51 suka fara raka su har cikin Jamus daga ƙarshen 1943, amma sai aka ƙara tafiyar zuwa 30, daga baya 35. Runduna ta Takwas, wato rundunar saman Amurka da ke Ingila, ita kaɗai ta rasa mutum wajen 26,000, wasu 28,000 suka zama fursunoni. Sajojin da Jamusawa suka tsare a sansanin fursunoni na Stalag Luft IV an kora su a ƙafa daga Fabrairu 1945, cikin hunturu da yunwa da atini, kusan wata uku.

Wanda ya tsira, da maki aka sallame shi. A Mayu 1945 maki 85 ake nema: ɗaya ga kowane watan aiki, ƙarin ɗaya ga watan ƙasar waje, 5 ga kowace lambar yabo, 12 ga kowane ɗa har uku. Da yake ana ba 'yan jirgi lamba bayan kowace tafiya biyar ko shida, sukan riga wasu fita. A ba shi dala 300 kuɗin sallama, ya hau jirgin ƙasa.

To ya koma gonar? Da yawa sun so, amma gonar da suka tarar ba ta buƙatar hannunsu kamar da. Rashin ƙarti lokacin yaƙi ya tilasta wa iyaye sayen inji. Taraktoci sun tashi daga wajen miliyan 1.5 a 1940 zuwa kusan miliyan 2.4 a 1945, kuma a 1954 suka fi dawaki da alfadarai yawa a gonaki. Masana'antun da ke haɗa sinadarin bam suka koma yin takin zamani. Aikin da ƙato uku ke yi ya zama na ɗaya, kuma wannan ɗayan shi ne ɗan'uwan nan da aka bari a gida.

Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta Yuni 1944 ta yi alkawarin taimako, kuma ta taimaka, amma ta fi sauƙi ga mai barin gona a kan mai komawa. Mai son karatu ana biya masa kuɗin makaranta har dala 500 a shekara da kuɗin abinci kowane wata. Marar aiki yana da dala 20 a mako har mako 52. Mai son sayen gona kuwa, gwamnati ba ta ba shi kuɗi, tsaya masa kawai take yi a banki kan rabin rancen, iyakarsa dala 2,000 da farko. Farashin ƙasa ya riga ya hau, mai kimantawa na gwamnati kuma ba ya amincewa da farashin da ya wuce ƙima, sai cinikin ya watse. Shi ya sa rancen gona ya zama ɗan kaɗan idan aka gwada da na gidajen birni. Abin da ya fi amfanar masu komawa noma shi ne koyon noma a gona: wajen mutum 690,000 suka shiga, suna zuwa aji da dare, malamin gona na zuwa har gonarsu, ana kuma ba su kuɗin wata da ya riƙe gida kafin amfani ya nuna.

Ƙishin ƙasar ya fito fili a Tule Lake, a arewacin Kalifoniya, a Disamba 1946. Gwamnati ta fitar da gonaki 86 ga tsofaffin sojoji, mutum 1,305 suka cika sharaɗi. Aka zuba sunayensu a cikin wata babbar kwalba aka yi ƙuri'a a bainar jama'a. Sauran 1,219 suka koma hannu rabbana.

Duk wannan na farar fata ne. Rundunar a rabe take bisa launin fata, baƙaƙe ba sa cikin 'yan jiragen B-17 na Ingila. Kusan baƙaƙen matuƙa 1,000 aka yaye a makarantar tuƙi ta Tuskegee da ke jihar Alabama, amma mafi yawan baƙaƙen sojojin sama gina filayen jirage da tuƙin mota suka yi. Da suka komo jihohin kudancin Amurka, bankuna da jami'an yankin ne ke riƙe da tallafin. A jihar Mississippi a 1947, cikin rance 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal suka je hannun baƙaƙe. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma yana cikin abin da ya raba iyalai da yawa da ƙasar noma har abada.

Akwai waɗanda suka haɗa sana'o'in biyu. Bayan yaƙi an yi gwanjon jiragen Stearman da araha, tsofaffin matuƙa suka saya, suka cire kujerar gaba suka sa tankin magani, wasu suka canza injin mai ƙarfin doki 220 da mai 450, suka shiga feshin gonaki daga sama. Makanikai kuma suka buɗe garejin gyaran tarakta a garuruwansu. Sauran suka nufi masana'antu da kamfanonin jirage. Kafin 1959 gonakin Amurka sun ragu zuwa miliyan 3.7.

Abin da ya bi su gida, ko sun yi noma ko ba su yi ba, kusan iri ɗaya ne: kurumta daga ƙarar inji da bindiga, yatsun da ke ciwo duk hunturu, da firgita cikin barci. Likitocin soja sun san wannan ciwon, har sun tanadi gidajen hutu a karkarar Ingila, amma sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ba shi sunan da ake kiransa da shi yau, wato PTSD, ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali. A ƙauye asibitin tsofaffin sojoji yana da nisa, kuma mutumin da aka tarbiyyantar a kan cewa namiji ba ya kuka ba zai je ba. Iyalai da yawa ba su san ko a wace kujera mahaifinsu ya zauna a jirgi ba sai da suka buɗe akwatinsa bayan rasuwarsa.

Wanda ke son bin diddigin irin wannan mutum zai ci karo da matsala guda. A Yuli 1973 gobara ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji ta St. Louis, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, kuma sojojin saman wancan yaƙi a cikinsu ake lissafa su. Tsofaffi da yawa sun sha wahalar tabbatar da cewa kurumtarsu daga yaƙi ta samo asali saboda wannan. Hanyar da ta rage ita ce takardar sallama, wadda ke ɗauke da lambar soja da aikinsa da lambobin yabonsa, kuma da yawa sun yi rajistar kwafinta a ofishin ƙaramar hukumarsu da suka dawo. In jirginsa ya faɗi, akwai rahoton ɓacewar 'yan jirgi da rundunar ke rubutawa, wanda ke nuna lambar jirgin, ranar, sunan kowa da kujerarsa, da bayanin waɗanda suka ga faɗuwar daga jiragen da ke kusa, har da yawan lemomin da suka ƙirga sun buɗe.